Baba da Gwanki Mai Karyayyen Ƙaho

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Baba ya cika ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa, a gidanmu na nan Birnin Gwari, bayan jinyar da ta cinye daminar bana kusan duka. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni ce babbar 'yarsa, malamar firamare, kuma ban saba irin wannan rubutu ba. Wata magana ce na ji a wurin zaman makoki ta tsaya mini a wuya, na ga idan ban rubuta abin da na sani ba, ita ce za ta zauna a bakin mutane.

Amma bari in fara da masu alheri, don su suka fi yawa. Wata tsohuwa cikin mutanen Kuyello da rashin zaman lafiya ya koro cikin gari ta shigo tana dogara sanda, ta yi wa Inna gaisuwa, sannan ta waiwayo ta tambaye ni, "'Yar nan, ba shi ne mai rarrafe da kan tsuntsu ba?" Na ce shi ne. Ta kama baki ta yi ta dariya har da tari, daga nan dariyar ta juye kuka, sai da muka ba ta ruwa. Maƙwabcinmu tsohon hedimasta, Kirista mutumin kudancin Kaduna da ya yi fiye da rabin rayuwarsa a unguwarmu, ya zauna a bakin tabarmar maza tun safe har magariba, hularsa a kan gwiwa, duk wanda ya yi addu'a ya ce amin. Shi ne ya yi shekaru yana riƙe wa Baba makirfo a daji. Tsofaffin abokan aikin Baba na gidan talabijin a Kaduna ta waya suka yi ta'aziyya, don hanyar ba ta biyuwa yadda mutum yake so, ba mu kuma ga laifinsu ba. Baffa kuwa, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne yanzu babba, shi ake miƙa wa hannu. Yana karɓar gaisuwa yana cewa, "Allah ya ba da lada."

Ranar sadakar uku ina madafi ina kwashe tuwo, samarin unguwa suna zaune a inuwar katanga daga waje. Katangar gajera ce, ana jin komai. Sai na ji ɗaya yana cewa, "Allah ya jiƙan tsoho, amma tsakani da Allah hotunan nan nasa ba na nan ba ne. Daga talabijin ɗin Turawa ya kwaso su." Wani ya amsa, "Yo ai a fili take. Giwa a Birnin Gwari? In ban da babur da bindiga me ke cikin dajin nan?" Suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa irin ta gidan makoki. Na leƙa ta saman katanga, sai ga babban ɗana a tsakiyarsu, magidanci da 'yarsa, mai shagon gyaran waya a kasuwa. Bai yi dariya ba, amma bai buɗe baki ya kare kakansa ba. Wallahi marar da ke hannuna saura kaɗan ta bi ta kan katangar. Darajar mamacin ce ta hana ni.

Baba mai ɗaukar hoton namun daji ne. Yana saurayi gidan talabijin suka ɗauke shi aiki, aka koya masa kyamara don ya riƙa bin manya wurin taro. Bai daɗe ba ya gaji da masu jawabi. Yakan ce, "Mutum da ya hango kyamara sai ya gyara hula. Gada kuwa ba ruwanta da kai." Ya yi ta naci har suka yarda ya riƙa dawowa gida yana ɗauko musu abin da ke cikin dajinmu, ana nunawa a wani ɗan shiri na mako-mako.

Dajin kuwa ba baƙonsa ba ne, domin kakanmu maharbi ne. Da ya rasu ya bar kayan sana'a iri biyu, bindiga da kan burtu. Wanda bai sani ba, burtu shi ne babban baƙin tsuntsun nan mai jan maƙogwaro da ke kiwo a ƙasa, kuma namun daji ba sa gudunsa. Maharba sukan busar da kansa su ɗaura a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su tafi a duƙe suna kai baki ƙasa kamar mai tsince-tsince, har su isa kusa da nama. Da aka zo rabo Baffa ya ɗauki bindiga, Baba ya ce shi a ba shi kan burtu. Dangi suka yi ta mamaki, me ma'aikacin gwamnati zai yi da kan tsuntsu? Ashe da shi zai yi sana'ar ubansa, sai dai kyamara ce a ƙarƙashin zanen.

Hedimasta ya fi kowa iya ba da labarin burtun nan, don ya ba mu shi ya fi a ƙirga. Wata safiya Baba yana rarrafe a wani fako wajen Damari, yana son ya kusanci garken kanki, shi kuma hedimasta yana bayan suri da makirfo da akwatin sauti. Sai ga burtun gaske, namiji, ya hango baƙo ya shigo masa wurin kiwo. Ya taho da tinƙaho, ya zagaya Baba, ya kai masa sara a bayan kunne. Baba bai motsa ba, bai kuma saki kyamara ba, jini na bin wuyansa. Hedimasta ya cije, ya cije, can dai dariya ta ƙwace masa, garken ya watse. Da suka haɗu a gindin kaɗanya, Baba ko ta kan ciwon bai bi ba. Cewa ya yi, "Malam, ka ɓata mini sautin safiya guda." Tabon yana nan a bayan kunnensa har ya koma ga Allah, masu wanka sun gani.

Dokokinsa na shiga daji sun sha haɗa shi da Inna. Ba a wanka da sabulu mai ƙamshi, ba a shafa turare, ba a yin guzuri da ƙuli-ƙuli, don ƙarar taunarsa tana shiga makirfo. Sai dabino da fura. Baƙin zanen nan kuwa ba a wanke shi, sai dai a shanya. Inna ta taɓa tausaya masa ta wanke shi tas da sabulu, ta ninke ta ajiye masa a kan gado tana jiran godiya. Baba ya shinshina, ya dube ta, ya fita da shi garken shanun wasu Fulani a bayan gari, ya bar shi can har ya koma yadda yake. Ranar Inna ta ce ita dai ba ta taɓa ganin miji mai fushi da tsabta ba sai nata. A aljihunsa kuma kullum akwai ɗan gwangwanin toka. Ko a tsakar gida yake zaune sai ka ga ya ɗebi kaɗan ya saki, ya ga inda iska ta nufa, ba don komai ba sai sabo.

Mutane suna zaton aikin yawo ne. Zama ne. Yakan shiga 'yar bukkar ciyawa da ya kafa kusa da mashaya tun bayan asuba, ya zauna har rana ta take, tsando na cizo, ƙafa na sagewa, ba halin tari. Batirin kyamarar zamanin da ba ya jimawa, kaset ɗin ma gajere ne, don haka duk wayon yana wurin sanin lokacin da za a danna. Ya ce mini sau da yawa birai ne ke fara zuwa, su yi ta abin dariya, sabon shiga ya ƙarar da batirinsa a kansu, giwaye su iso ya zauna yana kallo da ido. Wani zuwan sai ya yi mako a daji ya dawo da abin da bai kai tsawon kiran salla ba, kuma ya dawo yana murna.

Sana'ar ba ta yi masa arziki ba, awakin Inna da gonarmu ta dawa su suka riƙe gida. Shirin nasa ana sa shi ne lokacin da ba mai kallo, a kuma yanke shi a tsakiya a sa tallan sabulu. Wani shugabansu ya taɓa kiransa ofis ya ce masu talla suna son zaki. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, tun zamanin mahaifina ba a ga zaki a dajinmu ba." Mutumin ya ce ai ba wuya, akwai kaset na ƙasashen waje a ɗakin ajiya, a yanko a haɗa, wa zai gane? In kuma ba haka ba, a ɗaure akuya a jawo kura. Baba ya ce shi ba zai sa wa dajinsu abin da Allah bai sa masa ba, kuma ba zai ɗaure akuyar kowa ba. Aka cire shirin na wasu watanni, aka mai da shi bin masu jawabi don ya ji a jikinsa. To ku duba fa, abin da ya ƙi yi har aka hore shi a kai, shi ne yau ake cewa ya yi. Wannan ne ke ƙona mini rai.

Dalilin da ya sa zargin ya samu wurin zama kuwa, Baba ne da kansa ya jawo, kuma sai na ba da labarin gwanki kafin a gane.

Fim ɗinsa na farko mai tsawo a kan wani gwanki ne, namiji ƙato, ƙahonsa na hagu ya karye a tsakiya ya tsage gida biyu. Rani guda Baba ya yi yana binsa da kan burtu har dabbar ta saba da shi, tana shan ruwa yana kusa. Da aka gama haɗa fim ɗin, sai ya roƙi a kawo majigi gida, mutanen garinsu su fara gani. Aka kafa farin kyalle a filin makaranta bayan magariba, gari ya fito. Ina yarinya lokacin, ina zaune a tabarmar gaba kusa da Baffa. Ina tuna yadda mutane suka yi salati da gwankin ya ɗago kai ya kalle mu. Daga nan kyamara ta ja da baya, aka ga mashayar duka, da wani dutse mai rababben kai a bayanta, da kuka a gefensa. Baba yana alfahari da wannan hoton, ya ce shi ne mafi kyau a fim ɗin. Ban ga komai a fuskar Baffa ba, na dai ji ya yi gyaran murya.

Baba ya koma Kaduna mai da kayan majigi. Ranar da ya dawo ya tarar gida na ƙamshi. Al'adar gidan maharba ce, duk ƙanen da ya yi babban kamu sai ya aika wa yayansa cinya, kuma Baffa bai taɓa tsallake wannan ba. Inna ta yi farfesu ta kai wa Baba, ya ci ya ƙoshi, har yana yaba hannunta. Sai da ya wanke hannu ya tambaya naman mene ne. Inna ta ce, "Gwanki ne, ƙanenka ya aiko." Na ga Baba ya tsaya da buta a hannu. Ya tashi ko hula bai sa ba ya nufi gidan Baffa, ni kuma na bi bayansa, don ban taɓa ganin ya fita ba hula ba.

Kan gwankin yana rataye a jikin rumbu, ƙahon hagu a karye.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "A majigina ka ga wurin?"

Baffa ya ce, "Yaya, dutsen nan ai ko makaho ya shafa ya gane shi."

"Rani guda na yi ina koya masa kada ya ji tsoron mutum."

Baffa bai ga laifinsa ba ko kaɗan, har ga Allah. Ya ce, "To ai ka gama da shi, Yaya. Ka ɗauki naka, kowa ya gani ya yaba. Ni kuma na ɗauki nawa. Cinyar ma na aika maka."

Baba ya juya, ya je bayan katanga ya amayar da abin da ya ci. Daga ranar bai sake cin naman daji ba, bai sake shiga ɗakin Baffa ba, bai kuma sake kai kyamara wannan mashayar ba. Ba su yanke zumunci ba, Allah ya kiyaye. Ana suna tare, ana jana'iza tare, ranar salla Baffa yakan zo ya durƙusa ya gaishe shi. Amma gaisuwar ba ta wuce lafiyar iyali da ruwan sama. Haka suka tsufa, gida na kallon gida.

Abin da na lura da shi da na girma, Baba bai fi jin haushin Baffa ba a kan yadda yake jin haushin kansa. Yakan ce, "Maharbi aikinsa ya yi. Ni ne na nuna masa ƙofa." Ya koma ɗakin tace hoto ya goge duk inda dutsen ya fito, ya bar kan gwankin kaɗai lokacin da ya ɗago ya kalli kyamara. Wannan hoton ne ya mai da mabuɗin kowane fim nasa har ya daina aiki. Ya kuma kafa wa kansa doka: ba dutse, ba kuka, ba kwanar rafi, ba wata alama da mutum zai bi ya kai ga dabba. Kyamararsa ta koma kallon ƙasa-ƙasa, ido da kofato da ciyawa da ruwa. A wannan zamanin ne hedimasta ya fara binsa, kuma ya ce sau da yawa giwaye za su jeru a gindin wani tsauni, abin gwanin kyau, Baba ya ƙi dannawa sai sun matsa. Wasu Turawa masu irin wannan sana'a sun taɓa zuwa har gida, suka yaba aikinsa, suka shimfiɗa taswira suka ce ya nuna musu wuraren. Ya sa aka dafa musu shayi, ya raka su mota, taswirar ta koma yadda ta zo.

Da na zama malama sai ya ce muryata ta fi tasa fita, ni zan riƙa karanta bayanin fim. A nan na ɗanɗani halinsa sosai. Na taɓa rubuta cewa uwar gada tana baƙin ciki, ya ce in goge. "Ta gaya miki? Ki ce ta tsaya, ta daɗe a tsaye. Mai kallo yana da zuciya." Na ce Baba ai sai an sa wa magana gishiri. Ya ce in ajiye gishirina na miya. Muka yi ta yi har Inna ta leƙo ta ce mu biyun duka kanmu ɗaya, ba mai lanƙwasuwa. Ta faɗi gaskiya.

Sannan daji ya rufe. Ba sai na tsaya bayani ba, duk wanda ke nan ya san yadda aka yi. Ƙauyuka suka tashi, gonakin nesa suka gagara, kalmar daji kanta ta canza a bakin mutane, in an ce mutanen daji ba maharba ake nufi ba. Baba ya rataye kan burtu a ƙusa. Kaset ɗin da suka fara fumfuna muka kai Kaduna aka juye su a kwamfuta, ɗana ya zuba wasu a waya, suka yi ta yawo a hannun matasa. Yaran da suka tashi ba su taɓa wuce gonakin bakin gari ba suka kalla, suka nemi wani abu da za su gane a ciki, ko dutse ko bishiya, ba su samu ba. Daga nan maganar ta tashi.

Baba ya ji ta tun yana raye, kuma a bakin jikansa ya fara ji. Kun san wasan jika da kaka. Ɗana yakan shigo ya ce, "Tsoho, ina giwayen naka? Ko sun koma ƙasar Turawan da ka aro su?" Baba yakan yi dariya ya ce zai ƙwace masa mata, don al'ada ba ta ba shi damar fushi da jika ba. Amma ni na san dariyarsa ta gaske, wannan ba ita ba ce. Cikin jinyarsa, wata rana da la'asar ina ba shi kunu, ya ture kofin ya ce, "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "na ɓoye dajin nan don kada a kashe shi, ga shi na ɓoye wa jikokina." Na ce Baba ka bar zancen yara. Ya ce, "Ba yara ba ne, su ne masu garin gobe. In sun ce ba a taɓa yi ba, to ba a taɓa yi ba." Na fita tsakar gida na yi kukana. Da wannan baƙin cikin ya tafi, kuma ban samu na cire masa shi ba.

Shi ya sa bayan sadakar arba'in na ce sai an nuna fim ɗin Baba a garin nan, a bango, ba a tafin hannu ba. Hedimasta ya aro mana majigi da janareta daga cocinsu. Na samu izinin ajina ranar Asabar da rana, don yanzu ba mai tara mutane bayan magariba. Na sa ɗana ya kula da na'ura, na kuma ce ya gayyato abokan nasa na bayan katanga, ko sun so ko sun ƙi. A gaskiya ban san me nake fata ba. Hujja ba ni da ita, sai muryata da ta hedimasta, mu kuwa an riga an ce 'yan gida ne.

Na je na gaya wa Baffa don kada a ce na tsallake babba. Na same shi a zaure yana gyaran tasbaha. Ya ce, "Ni da majigin yayana ai mun yi sallama tuntuni." Na san ba a ɗaga wa uba murya, amma bakina ya riga ni. Na ce, "Baffa, maƙaryaci ake ce masa a garin nan, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba." Ya ci gaba da zura 'ya'yan tasbaha a zare, bai ɗago ba. Na yi masa sallama na tafi ina huci.

Ranar Asabar ajin ya cika, tsofaffi a benci, mata a gefe, samari a tsaye a baya. Muka toshe tagogi da zannuwa, muka rataya farin kyalle a kan allo. Har an ta da janareta sai ga Baffa ya shigo da wani tsohon buhu a kafaɗa, aka matsa masa a bencin gaba. Fim ya fara yadda kowane fim na Baba yake farawa. Gwankin ya ɗago kai, ruwa na ɗiga daga bakinsa, muryata ta ƙuruciya ta ce, "Wannan gwanki ne, a dajin Birnin Gwari." Daga baya na ji wani ya yi tsaki a hankali.

Baffa ya ce wa ɗana, "Kai, tsayar da shi nan."

Ɗana ya tsayar. Baffa ya miƙe da ƙyar, don gwiwa ta daɗe tana damunsa, ya kwance bakin buhun, ya zaro ƙoƙon kai da ƙahoni biyu, sun yi baƙi saboda hayaƙin ɗaki. Ya taka har gaban allo ya ɗaga shi da hannu biyu kusa da hoton. Ƙahon hagu a karye a tsakiya, a tsage gida biyu, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo, daidai da na bango.

Ya ce, "Ga shi nan. Ni na harbe shi, da bindigar ubanmu. Ban taɓa zuwa ƙasar Turawa ba, ko Kaduna sau nawa na je? Da ƙafata na tafi, da ƙafata na dawo, a yini ɗaya. Duk mai cewa yayana ya yi ƙarya ya zo ya taɓa."

Ƙahonin suna da nauyi. Ɗana ne ya bar na'urar ya je ya tallafa masa, ya sa yatsa a cikin tsagar, ya dubi bango, ya sake duban abin da ke hannunsa. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Samarin suka matso ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi maganar babur da bindiga, na gane muryarsa, ya durƙusa ya ce, "Baffa, don Allah a ina ne wurin? In an samu lafiya mu je mu gani."

Baffa ya dube shi ya ce, "Yayana ya hana. Sau ɗaya na saɓa masa, ya ishe ni." Ya koma benci ya zauna, ya ɗora kan a cinyarsa, ya ce wa ɗana, "Ci gaba." Ya kalli fim ɗin har ƙarshe, giwaye da kanki da birai, shi da rabonsa da kallon aikin yayansa tun daren filin makaranta.

Da aka tashi na ɗaukar masa buhun zuwa gida. A hanya ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba, tun ranar da Baba ya tsaya a gaban rumbunsa bai sake taka wannan mashayar ba, bai kuma taɓa gaya wa wani maharbi hanyarta ba. Na tsaya cak. Na ce, "Baffa, duk shekarun nan? Me ya hana ka gaya masa?"

Ya ce, "Bai tambaye ni ba."

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya sa haƙurin da ya yi a bukkar ciyawa ya zame masa nauyi a mizani. Allah ya ba Inna juriya, ya dawo mana da zaman lafiya a dajinmu. Baffa ya ce in bar buhun a wurina. Na buga ƙusa a ɗakin Baba, na rataye ƙahonin kusa da kan burtu.